An ƙi ba ka takardar gudun hijira: ina za ka kai kuka, kuma kwana nawa gare ka?

Jama'a, makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka, na Garwa da Maruwa da Gidar da Mora da Kusiri, da masu kama mu daga tsallake, Mubi da Banki da Gamboru da Njamena. Ga abin da muka tattauna a filin shari'a na wannan mako. Mun sa shi a takarda saboda wanda shirin ya wuce shi yana daji ko yana kan hanya, in ya sauka a karanta masa.

Tambayar da ta kawo zancen ita ce wannan. Mutum ya gudo daga ƙasarsa, ya shigo Kamaru, ya nemi a rubuta shi ɗan gudun hijira. An zaunar da shi an yi masa tambayoyi, bayan watanni sai aka miƙo masa takarda da Faransanci, wai an ƙi. To, zai iya kai ƙara gaban alƙali?

Amsar ba mai daɗi ba ce, amma gara ka ji ta tun yanzu. A Kamaru, doka ta rufe ƙofar kotu a kan wannan ƙin. Sai dai ta bar wasu ƙofofi a buɗe, kuma kowacce tana da wa'adinta. Lambobi uku za ka riƙe: kwana 15, kwana 30, da awa 48. Wanda ya bar su suka wuce, ko gaskiyarsa ta kai ina, zai sha wuya kafin ya sami mai saurarensa.

Wane ne ɗan gudun hijira a idon doka?

Ba duk wanda wahala ta koro ba ne doka ke kira ɗan gudun hijira. Kamaru na bin yarjejeniyoyi biyu. Ta farko ita ce ta Janiba, ta 1951. Ita ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ya bar ƙasarsa don tsoron za a zalunce shi saboda launin fatarsa ko ƙabilarsa, ko addininsa, ko ƙasarsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko wani rukunin jama'a da yake ciki, kuma hukumar ƙasarsa ba za ta kare shi ba. Ta biyu ita ce ta ƙasashen Afirka, wadda aka sa wa hannu a Addis Ababa a 1969. Ita ta fi faɗi, kuma ita ta fi shafarmu a nan, domin ta haɗa da wanda yaƙi ko mamaya ko wani babban tashin hankali ya tilasta masa barin gida, ko da ba shi kaɗai ake nema ba.

Kamaru ta zuba waɗannan biyun cikin dokarta mai lamba 2005/006, ta ranar 27 ga Yuli 2005. Wannan doka ita ce uwar zancenmu na yau.

Ka lura da abin da ba ya ciki. Fari ba ya ciki. Karyewar jari ba ta ciki. In ka ce ka zo ne don ciyawa ta fi kyau a bakin Binuwai, ko don naira ta faɗi kasuwa ta mutu, kai baƙo ne mai neman abinci, kuma ba laifi ba ne, amma wata doka ce daban ke kula da kai. In kuwa 'yan bindiga ne suka ƙone rugarku, suka kore shanu, suka ce duk wanda ya dawo sai gawarsa, to wannan shi ne abin da yarjejeniyar 1969 ke magana a kai.

Ƙofar taro da ƙofar ɗaiɗai

Yawancin waɗanda suka shigo arewacin Kamaru ba a yi musu shari'ar mutum ɗaya-ɗaya ba. Idan dubban mutane suka kwararo lokaci guda, kowa ya san abin da ya koro su, sai a karɓe su a taro. Haka aka yi wa 'yan Cadi da suka tsallako Kusiri a watan Fabrairu na 2008, lokacin yaƙin Njamena, waɗanda daga baya aka kai wasunsu sansanin Langi kusa da Pitowa. Haka aka yi wa Mbororo da sauran mutanen Afirka ta Tsakiya da suka shigo Adamawa da Gabas da wajen Tuboro. Haka kuma aka yi wa mutanen Barno da suka gudo wa Boko Haram, waɗanda aka buɗe wa sansanin Minawawo kusa da Mokolo a 2013, sansanin da mutanensa suka haura dubu 70 a 'yan shekarun nan.

Amma ko a ƙofar taro akwai tantancewa. Ana duba ko da gaske daga can ka fito, ko kai ɗan ƙasar nan ne, ko kana cikin masu ɗauke da makami. Ana iya tsame mutum daga layi a ce ba ya ciki.

Ɗaya ƙofar ita ce ta ɗaiɗai. Wanda ya zo shi kaɗai ko da iyalinsa, ko ya fito daga wurin da ba a karɓar mutanensa a taro, shi ake zaunarwa a yi masa hira mai tsawo, a buɗe masa fayil, a yanke hukunci a kansa. Ɗan tireda da ya gudo daga wani gari saboda an sa masa ido, ko makiyayin da ya baro Zamfara ko Filato ya biyo daji har ya faɗo Mayo-Luti, galibi nan zai faɗa.

Kwana 15 na farko

Sashe na 7 na dokar 2005 ya ce mai neman mafaka ya kai kansa gaban hukuma cikin kwana 15 da shigowarsa. Hukumar da ya je wa za ta rubuta bayaninsa: sunansa, sana'arsa, ƙasarsa, dalilin gudunsa, da dalilin da ya sa ya zaɓi Kamaru. Sannan ta ba shi takardar wucewa ta wata biyu, ta tura fayil ɗinsa gaba. Dokar ta kuma ce ba za a hukunta shi don ya shigo ba takarda ba, muddin kai tsaye ya fito daga inda ransa ke cikin haɗari, kuma ya kai kansa ba tare da ɓata lokaci ba.

Mun san yadda abin yake a zahiri. Mai shanu ba ya tunanin ofis ranar da ya tsallako. Tunaninsa ina ruwa, ina za a kwana, wace saniya ce ta ɓace a hanya. Zai je ya gai da jauro ko lawan ko bulama, a nuna masa wurin sauka, shi ke nan a ganinsa ya sanar. Gai da jauro wajibi ne, kuma shaidarsa za ta yi maka amfani gaba. Amma ba ita ce rajista ba. Ka roƙe shi ya haɗa ka da wanda zai raka ka wurin superefe, ko jandarma, ko ofishin Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda muka fi sani da HCR, mai ofis a Maruwa. In kwana 15 sun riga sun wuce, kada ka ce shi ke nan. Je ka, ka faɗi abin da ya tsare ka, ko ciwo ne, ko rashin sani, ko hanya ce ba ta biyuwa.

Abin da ke sa a ƙi mutum

Kafin mu zo ga ɗaukaka ƙara, bari mu faɗi ramukan da mutanenmu suka fi faɗawa, don wanda bai kai can ba ya kauce.

Na ɗaya, kati biyu. Mutanen kan iyaka da yawa na riƙe da katin Najeriya a aljihu ɗaya, na Kamaru a ɗayan, don sauƙin wuce shinge. To ka sani, mutum ba ya zama ɗan gudun hijira a ƙasar da yake ɗanta. In aka ga katin ɗan ƙasa na Kamaru da sunanka, za a ce kai ɗan gida ne. In kuma katin na sayi ne, ka shiga wata matsalar da ta fi ta farko.

Na biyu, rajista sau biyu. Yanzu da zanen yatsu ake rubuta mutane. In an rubuta ka a Cadi ko Nijar, ka zo nan ka sake suna, na'ura za ta tona. Dokar 2005 ta ce ana iya ƙin karɓar buƙatar wanda ya riga ya sami mafaka a wata ƙasa. In akwai dalilin da ya sa ka baro can, faɗe shi da bakinka kafin a gano.

Na uku, shige da fice. Wannan ya shafi 'yan kasuwa musamman. In ka ce ba ka iya komawa ƙasarka, amma duk mako ana ganinka a kasuwar garinku kana sarin kaya, mai yin hira zai ce tsoron naka bai kai ba. Ba kowace komawa ke kashe magana ba. Wanda ya saci hanya da dare ya je ya binne mahaifiyarsa ya dawo, ba daidai yake da wanda ya koma ya buɗe shago ba. Amma kai za ka bayyana bambancin.

Na huɗu, sāɓanin magana. Mu da lissafinmu da damina ne da kaka da Sallah. In aka tambaye ka ranar da aka kai muku hari, kada ka ƙirƙiro kwanan wata don ka faranta wa mai tambaya. Ka ce bayan Babbar Sallah da kwana kaɗan, ko lokacin da gero ya fara fitar da kai. In ka faɗi wata rana yau, matarka ta faɗi wata gobe, sai a rubuta cewa labarinku bai haɗu ba. Haka nan batun tafinta. In Fulatanci ka fi ji, ko Barbarci, ko Larabcin Shuwa, ko Mafa, ka nemi mai jin harshenka. Kada kunya ta sa ka yi ta cewa to, to, alhali rabin maganar ta wuce ka.

Na biyar shi ne mafi nauyi, zargin hannu a ta'addanci ko wani babban laifi. Doka ta cire wanda ya aikata laifin yaƙi ko mummunan laifi daga wannan kariya. Mutane da yawa an tilasta musu biyan kuɗi ko ba da dabba kafin a bar su su wuce. In haka ta same ka, ka faɗi yadda aka yi, da wanda ya tsare ka, da abin da aka ce za a yi maka in ka ƙi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma abin da ka ɓoye aka gano daga baya ya fi wanda ka faɗa da kanka illa.

Kwana 30: nan ne shari'arka take

Dokar 2005 ta kafa kwamiti biyu. Na farko shi ke duba cancanta, ya ce an karɓa ko an ƙi. Na biyu shi ne kwamitin ɗaukaka ƙara. Dokar shugaban ƙasa mai lamba 2011/389, ta ranar 28 ga Nuwamba 2011, ita ta tsara yadda za su yi aiki, ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje a Yawunde. Wakilan ma'aikatu da hukumomin gwamnati ne ke zama a cikinsu. Ba kotu ba ce.

Shekaru da dama waɗannan kwamitoci suna nan a takarda kawai, HCR ce ke yin hira tana yanke hukunci a madadin gwamnati. A 2016 aka fara miƙa aikin ga ofishin gwamnati da ke Yawunde. Saboda haka abu na farko, ka sa a duba maka hatimin da ke kan takardar ƙin, a gaya maka wa ya ba da ita, domin can za ka mayar da kukanka. Ko wanne ne daga cikinsu, wa'adin da aka saba shi ne kwana 30, daga ranar da takardar ta shiga hannunka.

Ranar da aka ba ka ita, ranar za ka fara ƙirga. Kada ka naɗe ta ka sa cikin laya ka ce sai ka dawo daga mashekari. Ka nemi mai jin Faransanci ko Turanci wanda ka yarda da shi, ya karanta maka ita tun daga sama har ƙasa, musamman wurin da aka faɗi dalilin ƙi. Dalilin nan shi za ka amsa.

A nan mutane ke kuskure. Sai su sa a rubuta musu roƙo, a ce ina da 'ya'ya takwas, ba ni da kowa, a taimake ni don Allah. Gaskiya ne, amma ba shi aka tambaya ba. In an ce labarinka ya sāɓa, ka bayyana inda sāɓanin ya fito, ko tafinta ne bai ji ka ba, ko tsoro ne ya hana ka faɗin wani abu. In an ce ba a yarda daga garin da ka ambata ka fito ba, ka kawo abin da zai nuna: takardar rigakafin shanu, rasit ɗin haraji ko na kara, katin asibiti, katin makarantar yaro, sunan ardonku da na mai unguwarku, mutanen garinku da aka riga aka rubuta waɗanda za su shaide ka. In wani sabon abu ya faru bayan hirar, misali an kashe ɗan'uwanka da ya koma, ka sa shi a ciki. Ka haɗa da kwafin takardar ƙin, ka riƙe ta asali. In ka miƙa, ka karɓi shaidar cewa an karɓa, mai kwanan wata da hatimi. Wannan 'yar takardar ka adana ta kamar kuɗi, domin shigar da ƙara na dakatar da kora har sai an yanke hukunci, kuma ita za ka nuna a shinge.

Abu ɗaya kuma: rajista da hira da ɗaukaka ƙara a wurin HCR kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo jaka kaza ya gyara maka fayil, ɗan damfara ne, ko da wace riga ya sa.

To, alƙali fa?

In kwamitin ɗaukaka ƙara ma ya ƙi, sai mu zo ga tambayar farko. Sashe na 17 na dokar 2005 ya ce hukuncin waɗannan kwamitoci biyu ba a kai shi gaban kotunan ƙasa na gama-gari. In kuma HCR ce ta yanke, ita ma ba a gurfanar da ita a kotun ƙasa, saboda kariyar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke da ita tun yarjejeniyar 1946. Shi ya sa muka ce kwana 30 ɗin nan su ne shari'arka. Duk abin da kake da shi, a nan za ka zube shi.

A wasu ƙasashe ba haka abin yake ba, kuma yana da kyau ka san yadda suke yi, domin 'ya'yanmu na can, kuma zai taimake ka ka gane aikin alƙali a irin wannan magana. A Faransa, in ofishin 'yan gudun hijira ya ƙi mutum, akwai kotu ta musamman da ke sake sauraren labarinsa, a samanta kuma akwai majalisar ƙoli ta shari'ar gwamnati. A Ostireliya, inda suke kiran takardar bizar kariya, wanda aka ƙi yana da kwana 35 ya kai maganar kotun tarayya. A 2001 majalisar dokokinsu ta yi doka don toshe wannan hanya, amma a watan Fabrairu na 2003 kotun ƙolinsu ta ce majalisa ba ta da ikon hana alƙali duba hukuncin jami'in da ya ƙetare iyakar doka.

Sai dai ko a can, alƙalin da ke wannan dubawa ba ya sake tambayarka labarinka. Bari mu yi misali da abin da ka sani. Garke ya wuce, manomi ya kawo ƙara. Mai sasantawa ba ya tambayar ko shanun masu ƙiba ne ko ramammu. Abin da yake dubawa shi ne, sun bi burtali ko sun ratsa gona? Haka alƙalin yake yi wa jami'in gwamnati. Ya ba mutumin dama ya yi magana? Ya sa masa tafinta? Ya karanta shaidar da aka kawo, ko ya tsallake ta? Dokar da ya yi aiki da ita, ita ce ta dace? In jami'in ya bi burtali, ko alƙali na jin tausayinka ba zai taɓa hukuncin ba. In ya ratsa gona, alƙali zai rushe hukuncin ya ce a koma a sake. Ka ji, a sake, ba wai a ba ka takarda ba. Ana iya sakewa a kuma ƙi ka, wannan karon bisa ƙa'ida.

Awa 48, da ƙofar wanda aka tsare

Ƙofar kotu a rufe take a kan ƙin ba ka matsayin ɗan gudun hijira. Amma ba a rufe take a kan abin da ke biyo baya ba. Wanda aka ƙi har ƙarshe ya koma baƙo kamar kowane baƙo, ƙarƙashin doka mai lamba 97/012 ta ranar 10 ga Janairu 1997, wadda ke kula da shiga da zama da fitar baƙi. Ko dai ya nemi katin zama, ko ya fita, ko a raka shi iyaka.

Rakiya zuwa iyaka ba aikin da ɗan sanda zai yanke a bakin hanya ba ne. Dokar ta ce perefe ne ke sa hannu a kan umarnin, a sanar da mutumin, a kuma ba shi dama ya kira lauya ko wani wanda ya zaɓa. Daga lokacin da aka sanar da shi yana da awa 48 ya roƙi kotun da ke shari'a tsakanin mutum da hukuma ta soke umarnin. Kotun na da kwana 8 ta yanke hukunci, kuma ba a aiwatar da korar kafin awa 48 su cika, ko kafin kotun da aka kai wa ƙara ta yi magana. Irin wannan kotu akwai ta a Garwa, akwai a Maruwa, akwai a Ngaundere, tun da dokar shugaban ƙasa ta 2012 ta kafa ɗaya a hedikwatar kowace jiha. A gabanta ne lauya zai ce, ko da ba a ba wannan mutum takarda ba, mayar da shi inda za a kashe shi ko a azabtar da shi ya sāɓa wa yarjejeniyoyin da Kamaru ta sa wa hannu.

Awa 48 kwana biyu ne kacal. Daga Fotokol ko Tuboro zuwa hedikwatar jiha, a damina, kai ma ka san abin da hanya ke ci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau ka sa lambar wayar wani ɗan'uwa na birni a kanka, ba a waya kaɗai ba, domin waya ita ake fara karɓewa. Shugabannin ƙungiyoyin makiyaya da na 'yan kasuwa, ku ma ya kamata a ce kowace ƙungiya ta san lauya ɗaya a Garwa ko Maruwa da za ta kira ko da tsakar dare.

Sai ƙofa ta biyu, ta wanda aka tsare. Dokar tsarin shari'ar laifuka, wadda aka sa wa hannu rana ɗaya da dokar 'yan gudun hijira, 27 ga Yuli 2005, ta ce a sashe na 584 shugaban babbar kotun yankin da aka kama mutum ko ake tsare da shi yana da ikon ba da umarnin a sake shi nan take in tsarewar ba bisa doka take ba. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, ba sai wanda ke tsare ne zai rubuta ba. Matarsa, ƙaninsa, maƙwabcinsa, kowa na iya shigar da takardar a madadinsa, kuma ba a manna mata tambur. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman taimakon shari'a a kotun, bisa dokar 2009. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Kamaru ma tana da ofis a Garwa da Maruwa, tana karɓar koke.

Hukuncin da ya zo bayan mota ta tashi

Me ya sa muke ta nanata kwanaki da awoyi? Ga dalili. A watan Janairu na 2018, jami'an tsaron Najeriya sun kama Sisiku Ayuk Tabe da wasu jagororin 'yan awaren yankin Ingilishi a Abuja. Kafin watan ya ƙare aka miƙa mutum 47 ga Kamaru, alhali da yawansu 'yan gudun hijira ne ko masu neman mafaka. Lauyoyinsu, ciki har da Femi Falana, suka kai ƙara. Ranar 1 ga Maris 2019 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ta bakin Mai Shari'a Anwuli Chikere, ta ce korar ta sāɓa wa doka, ta ce a dawo da su, a kuma biya su diyya. Amma mutanen na Yawunde. A watan Agusta na shekarar kotun soja ta yanke wa Ayuk Tabe da wasu tara ɗaurin rai da rai. Ba muna magana a kan siyasarsu ba ne, kowa da ra'ayinsa. Abin lura shi ne, sun ci shari'a, amma bayan an riga an tsallakar da su.

In haka ta faru da masu manyan lauyoyi, ina ga talaka? Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto a watan Satumba na 2017 cewa an mayar da 'yan Najeriya aƙalla dubu 100 daga Kamaru tun daga 2015, zargin da gwamnati ta musanta. A watan Janairu na 2019 HCR ta nuna damuwa a fili kan mayar da mutum kusan dubu 9 da suka gudo daga Rann. Waɗannan mutane ba su ga takardar perefe ba, balle alƙali. Yawancinsu ba sunansu a kowane littafi. Wanda aka rubuta, yana riƙe da takarda mai lamba, akwai wanda zai tambaya ina yake. Wanda ba a rubuta ba, in an loda shi a mota, ba wanda zai san an yi.

Akwai hanyar komawa gida ta mutunci. Ranar 2 ga Maris 2017 Kamaru da Najeriya da HCR suka sa hannu a Yawunde cewa komawa sai da yardar mutum, kuma a ƙarƙashin wannan yarjejeniya aka kwashi mutane daga Minawawo zuwa Banki a 2021. Wannan daban, kora daban.

Kai kuma ɗan ƙasa da ke cewa wannan zancen baƙi ne, tuna watan Disamba na 2021. Rikicin Logon-Birni tsakanin makiyaya da masunta ya kai har Kusiri, aka ƙone kasuwar shanu, dubban 'yan Kamaru suka tsallaka kogi zuwa Cadi. Ranar nan su ne ke layi ana ɗaukar zanen yatsunsu. Saboda haka in baƙo ya sauka kusa da kai, bayan ruwa da tabarma, ka tambaye shi kwana nawa da shigowarsa, ka raka shi wurin hukuma.

Mu maimaita don wanda ake karanta wa. Kwana 15 ka kai kanka. Kwana 30 ka ɗaukaka ƙara, ka amsa dalilin da aka faɗa, ka karɓi shaidar miƙawa. Awa 48 ka kai umarnin kora gaban kotu. Takardunka ka sa su a leda, ka ɗauki hotonsu a waya, ka aika wa wani ɗan'uwa ya ajiye.

Mai tambaya ya aiko ta hanyar da aka saba, ko ya ba wakilinmu saƙo ranar kasuwa. Ba sai ka faɗi sunanka ba, kuma kada ka aiko mana da lambar fayil ɗinka, wannan tsakaninka ne da ofishin da ke riƙe da shi. A mako mai zuwa za mu duba katin zama: wa ya kamata ya nema, ina ake yi, da abin da ake tambaya.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Mu kwana nan.